Raɗaɗi bayan tiyata: tambayoyin da 'yan uwa mazauna Saudiyya ke yawan yi

Wannan shafi na Hausawa ne mazauna Makka, Madina, Jidda, Riyad da sauran garuruwan Saudiyya, da kuma alhazai da masu Umara da lalura kan kai su ɗakin tiyata. Tambayoyin su ne waɗanda ake ta maimaitawa a bakin gadon asibiti da wajen dubiya. Amsoshin sun dogara ne da abin da binciken likitoci ya nuna, amma likitan da ya san jikinka ya kuma riƙe fayil ɗinka, maganarsa ce a gaba.

An yanka mutum an ɗinke, ai dole ya ji ciwo. Ba haƙuri ne maganin abin ba?

Ciwo kaɗan dole ne, amma azaba ba dole ba ce. An raine mu a kan dauriya: namiji ba ya raki, mace mai kunya ba ta kuka a gaban suruka. Wannan tarbiyya tana da amfaninta, sai dai a gadon asibiti tana iya cutarwa. Wanda aka yi wa aiki a ciki, in raɗaɗi ya yi masa yawa, numfashi sama-sama yake yi, yana tsoron tari, majina ta taru a huhu, daga nan sai nimoniya. Ba ya son tashi ya taka, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan kuma yana iya tafiya huhu. Ba ya samun barci, bugun zuciya da hawan jini su tashi. Mai jego kuma ta kasa zama ta ba jariri nono. Saboda haka rage raɗaɗi wani ɓangare ne na jinyar kanta. Manzon Allah (SAW) ya umarci bayin Allah da su nemi magani, kuma neman sauƙi bai rage wa mai haƙuri ladansa ba.

Nas tana tambayata in ba ciwona lamba daga 0 zuwa 10. Me zan ce mata?

Ki faɗi gaskiya, Hajiya, kuma ki faɗi lambar. Sifili na nufin babu ciwo ko kaɗan, 10 kuma ciwon da ba ki taɓa tunanin akwai irinsa ba. Daga 1 zuwa 3 mai sauƙi ne, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa sama mai tsanani.

Abin da ke faruwa da mutanenmu a nan yana damuna ƙwarai. Za ka ga dattijo kwana ɗaya da aikin gwaiwa, ya damƙe ƙarfen gado, zufa na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin na'ura, haƙora a cije. Nas ta zo, sau da yawa 'yar Filifin ce ko Indiya, ta tambaye shi da Larabcinta na aiki. Ya ce “Alhamdulillah.” Ta ƙara tambaya, ya ce “Alhamdulillah, da sauƙi.” Ita kuwa ta rubuta 2 ta wuce gado na gaba, kuma da wannan 2 ɗin likita zai yi aiki. Baba, yi hamdalarka, sannan ka ɗaga yatsu bakwai. Babu na'urar da ke auna raɗaɗi kamar yadda ake auna zazzaɓi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A faɗi lamba biyu: ta lokacin da ake kwance shiru, da ta lokacin tari ko juyi. Ta biyun ta fi muhimmanci. A kuma siffanta ciwon: zogi ne, suka ce, ƙuna ce, ko kamar wutar lantarki ke ja? Kowanne da maganin da ya fi dacewa da shi. In harshe ne matsala, a nemi tafinta, ko ɗan uwa mai jin Larabci ya tsaya lokacin zagayen likita.

Likita ya ce ƙaramin aiki ne, amma ni ina shan wuya. Raki nake yi?

A'a. A shekarar 2013 an fitar da wani babban bincike daga Jamus da ya tattara bayanan marasa lafiya fiye da 50,000 a asibitoci 105, aka jera ayyuka iri 179 bisa tsananin ciwon washegarin tiyata. Ayyukan da ake rainawa, irin su cire afendis, aikin basir, cire tonsil da cire matsarmama, sun faɗo cikin 25 na sama. Wasu manyan ayyukan ciki kuwa sun zo can ƙasa, domin masu su an ba su kulawa ta musamman tun farko. Mai “ƙaramin aiki” shi ake sallama da ƙwaya kaɗan a leda. In abin da aka ba ka bai isa ba, ka koma ka faɗa.

Me ya sa bayan aiki mai tsada sai a ba ni Panadol da Brufen kawai? Ba rowar magani ba ce?

Ba rowa ba ce, kuma wannan yana cikin abubuwan da bincike ya fi tabbatarwa. A shekarar 1993 wasu likitoci biyu 'yan Denmak, Henrik Kehlet da Jørgen Dahl, suka kawo shawarar a daina dogara da magani ɗaya mai ƙarfi, a riƙa haɗa magunguna da dama waɗanda kowanne ke tare ciwo ta hanyarsa. Brufen da danginsa suna rage sinadaran kumburi a wurin da aka yanka. Farasitamol, wato Panadol, yana aiki a ƙwaƙwalwa da laka. Allurar kashe wuri tana hana jijiya kai saƙo. Morfin, maganin ciwo mai ƙarfi da ke iya bugarwa, sai a ajiye shi don ciwon da ya tsallake waɗannan duka. Ta haka ake samun sauƙi mai yawa da morfin kaɗan, amai da jiri da taurin bayan gida su ragu.

Masu bincike a Okosfod ta Ingila sun shafe shekaru suna tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutanen da ke jin ciwo bayan aiki, yawanci bayan cire turmin haƙori na ƙurya. Ma'auninsu shi ne: mutum nawa ciwonsu ya ragu da aƙalla rabi cikin awa huɗu zuwa shida? Da farasitamol miligiram 1,000 shi kaɗai, ƙasa da rabin mutane kaɗan. Da Brufen miligiram 400, kimanin rabi. Da aka haɗa su biyun, kusan mutum 7 cikin 10. Kodin miligiram 60 shi kaɗai, wanda mutane ke ɗauka mai ƙarfi ne, kusan mutum 1 cikin 4 kawai ya wadatar, bai yi wa ƙwayar da ba magani a cikinta nisa sosai ba.

Sharaɗin shi ne a sha a kan lokaci a kwanakin farko, kamar yadda aka rubuta, ba sai ciwo ya tayar da mutum tsakar dare ba. Ciwon da ya riga ya yi ƙarfi ya fi wuyar saukarwa.

Wai yaya ake gane cewa magani yana aiki?

Ana raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kwamfuta ce ke rabon, ba likita ba. Gida ɗaya a ba su maganin da ake gwadawa, ɗayan a ba su tsohon magani ko ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a ciki. Mara lafiya bai san wanne ya samu ba, mai rubuta sakamako ma bai sani ba. Dalilin wannan ɓoyo shi ne sa rai kaɗai yana rage ciwo. Tun 1955 wani likitan sa barci a Amurka, Henry Beecher, ya ja hankalin duniya ga yadda mutane da yawa ke samun sauƙi daga ƙwayar da ba magani. Daga nan sai a kwatanta lambobin ciwo, yawan morfin da kowane gida ya buƙata, amai, ranar fara tafiya da ranar sallama. Duk wanda ke cikin irin wannan gwaji yana da damar karɓar maganin ceto da zarar ciwo ya yi yawa. Ba a barin kowa ya sha azaba don a cika takarda.

Bincike ɗaya ba ya yanke hukunci. A 2009 aka gano cewa wani likita a Amurka, Scott Reuben, ya ƙirƙiri sakamakon bincike aƙalla 21 a kan maganin ciwon bayan tiyata, har ya yi zaman gidan yari. Gabafentin da Lyrica, magungunan ciwon jijiya, su ma an daɗe ana ba masu tiyata su, sai a 2020 aka haɗa gwaje-gwaje 281 wuri ɗaya, aka ga ragin da suke yi bai kai wanda mara lafiya zai ji a jikinsa ba, ga jiri da suke jawowa. Shi ya sa asibitoci da yawa suka daina ba kowa da kowa su. In ka ga likita ya sauya abin da aka saba, sau da yawa irin wannan ne dalili.

An kawo mini takarda in sa hannu in shiga wani bincike. Ba so ake a mai da ni zakaran gwajin dafi ba?

Bahaushe yana da dalilin yin wannan tambaya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo bai goge ba, kuma bai kamata a ce wa kowa ya manta ba.

Amma ka san haƙƙinka. Tun 1964 akwai ƙa'idojin Helsinki na kare mutanen da ake bincike a kansu, waɗanda likitocin duniya suka amince da su. Saudiyya tana da dokar ɗa'ar bincike a kan halittu masu rai tun 2010, da kwamitin ƙasa mai sa ido a kai. Gwajin magani sai ya bi ta hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, kuma kowane asibiti mai bincike, irin su asibitin Sarki Faisal na ƙwararru a Riyad da Jidda ko asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz, yana da kwamitin da ke duba tsarin kafin a taɓa kowa. Shiga ganin dama ne. In ka ƙi, za a yi maka aikinka a kula da kai kamar kowa. In ka shiga, kana iya fita ko yaushe ba tare da ka kawo dalili ba. Abin bai shafi iƙamarka ko kafilinka ba.

Kafin sa hannu ka tambaya: me ake gwadawa, da me ake kwatanta shi? Wace illa aka riga aka sani? In ciwo ya yi yawa me za a ba ni? In abin ya cutar da ni wa zai ɗauki nauyin jinya? Wa zan kira da dare? Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, kada kuma ka sa don jin nauyin likita. In kuwa amsoshin sun gamsar da kai, ra'ayina shi ne shiga alheri ne. Yawancin gwaje-gwajen nan a kan Turawa aka yi su, jiki kuwa ba ɗaya ba ne wajen sarrafa magani, kamar yadda za a gani a batun kodin.

Morfin ba zai sa ni jaraba ba? Kuma ba haram ba ne, tunda yana bugarwa?

Malamai sun halatta amfani da irin waɗannan magunguna don lalurar jinya, a hannun likita, gwargwadon buƙata. Morfin na kwana biyu ko uku a asibiti, ana lura da numfashinka, ba shi ne ke mai da mutum ɗan ƙwaya ba. Wani lokaci ma ana ba mara lafiya maɓalli ya danna da kansa in ciwo ya taso. Na'urar tana da iyaka, ba ta bari a wuce kima. Sharaɗi ɗaya: mara lafiya kaɗai ke dannawa. Mai jinya kada ta danna masa yana barci don tausayi, wannan yana iya tsayar da numfashi.

Haɗarin yana wajen ci gaba da sha a gida. Wani bincike na 2017 a Amurka ya nuna kusan mutum 6 cikin 100 da ba sa shan irin waɗannan ƙwayoyi kafin tiyata suna nan suna karɓarsu bayan wata uku. Masu shan taba, masu ciwon damuwa da masu tsohon ciwo sun fi faɗawa. Don haka a sha mafi ƙaranci, na 'yan kwanaki, kada a haɗa da maganin barci, a kulle shi inda yara da samari ba sa kaiwa, ragowar kuma kada a ba maƙwabci.

Yarona an cire masa tonsil. Zan iya ba shi maganin da ke da kodin?

Kada ki ba shi. Kodin ba ya aiki sai hanta ta juya shi ya zama morfin, wasu mutane kuwa hantarsu tana yin haka da sauri fiye da kima saboda gado. An samu wannan hali a kusan kashi 29 cikin 100 na Habashawa da kusan kashi 21 na 'yan Saudiyya da aka gwada, alhali a arewacin Turai kaɗan ne. Yara sun mutu ta wannan hanya bayan aikin tonsil, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2013, sannan a 2017 ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tramol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa, domin yana bi ta nono. Farasitamol da Brufen na yara, bisa nauyin yaron, su ake amfani da su.

Zan iya sa a taho mini da tramol daga gida, tunda can ya fi sauƙin samu?

Kul. A Saudiyya tramol, kodin mai ƙarfi da Lyrica suna cikin magungunan da doka ta ƙayyade, shigo da su ba izini kuwa ana iya ɗaukarsa safarar ƙwaya, hukuncinta mai tsanani ne. Wanda likita ya ɗora a kan irinsu ya nemi izinin hukumar magunguna kafin tafiya, ya riƙe rahoton likita da takardar magani, ƙwayar kuma a kwalinta na asali. Kada ka karɓi saƙon magani daga hannun kowa a filin jirgi. Ban da doka ma, tramol yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya in ya yi yawa.

Gaskiya ne allurar baya tana bar wa mace ciwon baya har abada?

Wannan magana ta yaɗu a tsakanin mata, amma gwaje-gwajen da suka bi masu haihuwa na tsawon lokaci ba su samu ƙarin ciwon baya mai daɗewa ga waɗanda aka yi wa wannan allura ta kashe ciwo a gadon baya ba. Wurin allurar yakan yi tsami na 'yan kwanaki. Ciwon bayan da ke daɗewa yawanci daga goyon ciki ne, da sunkuyon shayarwa da ɗaukar yaro. Allurar ba sabuwa ba ce, tun 1898 August Bier ya fara ta a Jamus. A haihuwa ta tiyata ita aka fi so, domin uwa tana farke ta ji kukan ɗanta, kuma ɗan morfin da ake sawa a ciki yana riƙe ciwo har kusan awa 24. Yakan sa ƙaiƙayi, a faɗa wa nas.

Abin da za a lura da shi ciwon kai ne mai tsananta in an zauna, ya lafa in an kwanta. Yana da magani, kada a zauna da shi a gida. Akwai kuma allurar da ake yi a bangon ciki ko kusa da jijiyar kafaɗa ko gwiwa, ana kallo da na'urar hoto, ta kashe wurin na awoyi. A sha ƙwaya kafin ta sake, don kada ciwo ya zo gaba ɗaya. Ga iyayenmu mata masu kula da jego: ruwan wanka mai tsananin zafi da gasa ciki ba na wadda ke da ɗinki ba ne, kunun kanwa kuma yana ƙara wa zuciya da hawan jini nauyi.

Wa bai kamata ya sha Brufen ko Voltaren ba?

Mai ciwon ƙoda, mai gyambon ciki, mai shan maganin tsinka jini, mai raunin zuciya, mai asmar da irin waɗannan ke tayarwa, da mai ciki a watannin ƙarshe. Tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini sai da izinin likita. A zafin Makka, mutumin da jikinsa ya bushe da ƙishi ya ɗora Voltaren a kai, ƙodarsa ce ke shan wahala. Kada kuma a haɗa Brufen da Voltaren, dangi ɗaya ne.

Farasitamol ma yana da iyaka: giram 4 a awa 24 ga babba mai lafiya, ƙasa da haka ga wanda bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta. Ku buɗe ledar maganin da ke gefen gado ku duba: Panadol daga asibiti, Fevadol da ɗa ya sayo a kemis, Adol da maƙwabciya ta kawo, ga na mura a ƙasa. Duk farasitamol ne da suna daban-daban. Mai shan biyu daga kowanne yana lalata hantarsa bai sani ba, kuma alamun ba sa fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Azumi da sallah fa?

Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce allurar magani da ba ta abinci ba ba ta karya azumi. Ƙwayar da ake haɗiyewa kuwa tana karyawa. Wanda aka yi wa aiki kwanan nan yana buƙatar ruwa da magani a kan lokaci, ya tambayi likita kafin ya ɗauka. Sallah kuwa, Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ne lokacin da Annabi (SAW) ya ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa.

Habbatus sauda, zuma, citta da ƙaho?

Ka gaya wa likitan sa barci duk abin da kake sha, har jiƙo. Tafarnuwa da citta masu yawa suna iya ƙara zubar jini, shi ya sa ake son a dakata da irinsu kamar mako biyu kafin aiki. Kada a shafa komai a kan ɗinki, kada a yi ƙaho kusa da shi. Sauraron karatun Alƙur'ani, zikiri, numfashi a hankali da zaman ɗan uwa kusa suna kwantar da hankali, fargaba kuwa tana ƙara ciwo. A haɗa su da magani.

Wata huɗu da aiki, wurin yana ƙuna har yanzu. Haka zan zauna?

Ciwon da ya wuce wata uku bayan tiyata cuta ce mai zaman kanta. Yana samun mutum 10 zuwa 50 cikin 100 gwargwadon irin aikin, ya yi tsanani ga 2 zuwa 10. An fi ganinsa bayan yanke gaɓa, aikin ƙirji, cire nono da aikin gwaiwa, yawanci saboda jijiya ta taɓu. Alamarsa ƙuna, tsira kamar allura, ko riga ta taɓa wurin ka zabura. Brufen ba ya yi masa sosai. A nan ne gabafentin da wasu magungunan jijiya ke da amfani. Ka nemi a tura ka sashen masu kula da ciwo mai daɗewa, manyan asibitoci suna da shi.

Akwai sabon magani da ba ya sa jaraba?

A Janairun 2025 Amurka ta amince da wata ƙwaya mai suna Journavx, wadda ke toshe saƙon ciwo a jijiya tun kafin ya kai ƙwaƙwalwa. A gwaje-gwajen da aka yi bayan aikin ciki da na ƙafa ta fi ƙwayar da ba magani, amma ba ta fi haɗin farasitamol da wani ɗan uwan morfin da aka kwatanta ta da shi ba.

Wane irin ciwo ne ke nufin a koma asibiti nan take?

Ciwon da ke ƙaruwa kullum maimakon raguwa. Zazzaɓi, ja da kumburi ko mugunya a ɗinki. Ciki ya kumbura ya yi tauri ga amai. Ɗaurin filasta ya matse, yatsu su yi sanyi ko su mutu. Ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. Baƙin bayan gida ko aman jini ga mai shan Brufen. Mai sikila kuma, duk ciwon da ya yi kama da tashin ciwonsa. In wanda ya sha morfin ko tramol yana barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa ya yi jinkiri ko leɓɓansa sun sauya launi, a kira motar asibiti a 997 ba tare da jira ba, a kwantar da shi a kan gefensa, a kuma riƙe kwalin maganin a nuna wa ma'aikatan. Don neman shawarar likita ta waya, layin ma'aikatar lafiya 937 yana aiki dare da rana.